Masu zuwa gida duba marar lafiya a ƙauye: abin da na gani cikin wata takwas na jinyar Inna

Salamu alaikum jama'a. Tun da Inna ta fara takawa bayan shanyewar ɓarin jikin da ta same ta mutane ke ta tambayata, wai waɗannan masu zuwa gida da sunka duba ta aikinsu na da kyau ko dai cin kuɗi ne kawai, to na ga gara in zauna in rubuta abin da idona ya gani, mai tsoho ko tsohuwa a kwance ya karanta ya yi lissafinshi. Ba zan faɗi sunan kabine ɗin ba kuma ba zan faɗi sunan garinmu ba, don akwai abin yabo akwai kuma abin da ya ɓata mani rai, kuma mutanen suna nan suna neman abincinsu. Ku dai sani ƙaramin kabine ne mai zaman kanshi nan cikin Maradi, kine ɗaya, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, infirmiye biyu mace da namiji, sai wani yaro mai riƙe da salula da littafin randebu. Garinmu kuma ɓangaren Madarunfa yake, in ka sauka daga gudron sai ka sha rairayi mai yawa kafin ka hango rumbunanmu.

Cikin watan Maris abin ya same ta, zafi ya fara. Ta tashi da asuba za ta yi alwala buta ta suɓuce mata, ta duƙa ɗauka ƙafar dama ta ƙi ɗaukarta. Matar ƙanena ce ta same ta a bakin ɗaki, baki ya karkace, tana son magana maganar ba ta fita. Kun san ƙauye, nan take anka ce iska ce ta buge ta, anka kira malam ya yi tofi, anka yi turare, sai da hantsi ya ɗaga sannan ƙanena ya kira ni. Na ce maza a ɗaura shanu a sa ta amalanke a kai CSI, ƙaramin asibitin yankinmu. Majo, shugaban wurin, ya auna tansiyo ya ga 21, bai tsaya wata-wata ba ya rubuta takarda ya ce Maradi, munka zuba esans a ambilans, ba mu iso babban asibiti ba sai bayan la'asar. Anka yi sikanar anka ce AVC ne, gudan jini ya toshe jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa dama ta shanye, shi ya sa kuma magana ta tafi, don a yawancin mutane wurin magana a hagu yake. Likitan ya ce mana wannan ciwo awoyin farko su ne komai. Mu kuwa mun ƙone su wajen turare. Har yanzu in na tuna zuciyata na yi mani zafi, amma ba wanda zan zarga, kowa iya saninshi ya yi.

Kwana tara anka sallame mu da ordonans da magana guda, wai a riƙa kai ta wajen kine. Na kawo ta gidana a unguwar Zariya da niyyar ta zauna har ta samu sauƙi, amma Inna ba ta taɓa yin sati biyu a birni ba tun da take, sai ta daina cin abinci, ta juya fuska bango, in an zo gaishe ta sai hawaye, tana nuna ƙofa da hannun hagu. Ba sai ta yi magana ba, duk mun gane ɗakinta take so. Munka mai da ta gida. To a nan matsalar take, kine na birni ita tana ƙauye, in za a kawo ta sai an yi shatar mota, a ɗauko ta kamar kaya, a sha gargada, a zo a yi layi, a koma da yamma ta fi yadda ta fito gajiya. Sau biyu munka gwada munka bari. Ta yi wajen kwana ashirin kwance kan katifa ba mai motsa mata gaɓa, ana dai ba ta magani ana addu'a.

Wani abokin sana'ata a babbar kasuwa shi ya ba ni labarinsu, ya ce sun duba mahaifinshi a wajen Tibiri. Na je na same su, ɗaki biyu ne da benci da gadon awo. Abin da ya fara burge ni, kine ɗin bai yi mani maganar kuɗi ba sai da ya karanta takardun asibiti kaf, ya tambaye ni a kan me take kwance, wa ke kwana da ita, ina makewayi yake daga ɗakinta, tana ƙwarewa in ta sha ruwa ko a'a, akwai wani wuri da ya yi ja a bayanta. Rabin tambayoyin ban san amsarsu ba, sai da na kira matar ƙanena na miƙa mishi salula.

Ranar farko ni na raka su, shi da infirmiya macen bisa moto ɗaya, ni bisa tawa. Sun shiga da sallama, sun durƙusa sun gaida Inna yadda ya kamata, ba irin tsayuwar nan bisa kan mutum ba. Da malamar ta ce mu maza mu fita za ta duba jikinta, ba a jima ba ta leƙo ta kira ni ta ce Alhaji zo ka gani da idonka. A ƙugunta ta baya, daidai ƙashin nan da ke taɓa katifa, fata ta buɗe kamar faɗin bakin kofin shayi, tsakiyar ta yi baƙi, ga wari. Diddigen dama ma ya fara. Matar ƙanena ta fashe da kuka ta ce wallahi kullum tana wanke ta tana shafa man kaɗanya, ta ɗauka zafi ne ya kawo ƙuraje. Malamar ba ta yi mata faɗa ba ko kaɗan, ta dafa ta ta ce ba laifinki ba ne ƙanwata, kwanciya wuri ɗaya ke kawo shi, nauyin jiki ke danne jini ya hana shi zuwa wurin sai nama ya mutu, kuma da yake ɓarin ba ya ji sosai ita kanta ba ta san yana ci ba. Ta sa safar hannu ta wanke da ruwan serom, ta cire mataccen naman a hankali, ta yi pansima, tana yi tana nuna mata, ga yadda za ki riƙe kompres, ga inda ba za ki taɓa da hannu ba. Wannan gyambon wata biyu da rabi ya ɗauka kafin ya rufe, kuma na tabbata da mun ƙara sati biyu ba a gan shi ba da labarin ya sha bamban.

Dokar da sunka kafa mana ranar ita ce juyi, duk awa biyu a juya ta, hagu, rigingine, dama, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga diddige kar ya taɓa katifa. Na ce to gidan nan ba mai duba agogo, sai kine ya yi dariya ya ce ai kuna da agogon da ya fi nawa, ya ɗauko kaye ya rubuta da manyan baƙaƙe, asuba, fitowar rana, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha, na dare kuma ya saita ƙararrawa a salular ƙanena. Irin wannan shi ne abin da ban samu a asibiti ba, ba don likitocin can ba su iya ba, a'a, su ba su ga ɗakin ba. Wanda bai ga katifar ba, bai ga dokin ƙofar da ya kai rabin ƙwauri ba, bai ga cewa makewayi na can ƙarshen gida bayan garken awaki ba, yaya zai ba ka shawarar da za ta zauna.

Maganar abinci ma haka. Mu muna ba ta fura a kwance da ludayi, mun tsinka ta da ruwa sosai wai don ta wuce da sauƙi, ashe mun juya abin. Ruwa tsararo shi ya fi saurin kuskure hanya ya faɗa huhu ga wanda maƙogwaronshi ya yi rauni, kuma wannan tarin da take yi bayan kowane ludayi alama ce, in anka ci gaba ciwon huhu ne zai biyo baya. Sunka ce a zaunar da ita tsaye sosai, a tallafe da matashi, haɓa ta ɗan sunkuya, fura da kunu su yi kauri, kaɗan-kaɗan, a sa ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, in an gama a duba kumatun dama kar abinci ya maƙale, kuma kar a kwantar da ita sai an ɗan jima. Sunka hana gishiri mai yawa da dunƙulen magi da kanwa, sunka ce a yawaita zogale da wake da ƙwai don gyambo ba ya warkewa in jiki ba abinci. Zogale kam ba mu da matsalarshi, ɓangarenmu ne gidanshi.

Akwai abin da nake so masu irin wannan jinya su ji da kyau, maganar kafaɗa. Mu duk sanda za mu tada Inna hannun da ya shanye muke kamawa mu ja, ko mu sa hannu a hammata mu ɗaga. Kine na ganin ƙanena ya yi haka ya daka mishi tsawa, shi ne kawai ranar da na ji ya ɗaga murya. Ya kama yatsana ya ɗora a saman kafaɗarta, na ji wani rami tsakanin ƙashi da ƙashi. Ya ce naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, nauyin hannun kaɗai na janye ta, in kun ƙara da ja za ku bar mata ciwon da zai hana ta barci ya hana ta motsa hannun gaba ɗaya. Ya karɓi kallabin matar ƙanena ya naɗe ya yi mata maratayi, ya koya mana ɗagawa ta ƙugu da bayan kafaɗa, gwiwarka ta tokare gwiwarta.

To sai dai Inna ta ƙi yarda namiji ya taɓa ta. Da ya kai hannu ƙafarta sai ta janye zane da hannun hagu ta ɗaure fuska, kuma duk wanda ya san tsofaffinmu ya san ba taurin kai ba ne, kunya ce da ta girma da ita. Na zaci zai ce to shi ke nan, ko ya tsaya yi mata wa'azi. Abin da ya yi shi ne ya shimfiɗa tabarma gaban gadonta ya kwantar da ƙanena, yana lanƙwasa mishi ƙafa da hannu gaɓa-gaɓa, malamar da matar ƙanena suna yin irinshi a jikin Inna, shi yana kallo yana gyara da baki, a'a ki tallafi gwiwar, kar ki wuce inda ta yamutsa fuska, yatsu ɗaya bayan ɗaya, kowace gaɓa sau goma safe da yamma. Wata guda cur ana haka. Wata rana da kanta ta miƙa mishi hannun, yanzu kuwa in ya yi sallama fuskarta har haske take yi.

Kayan aikinshi ma ba wani inji ba ne, mutane na tambayata wai suna zuwa da na'urar kuran, ina kuran a garinmu. Ya sa an sare sandunan bedi guda biyu dogaye an kafa su bisa gwafanni a inuwar rumbu, tsayin ƙugunta, a nan take koyon tsayuwa da taku. Turmi anka kife ya zama wurin koyon tashi da zama. Kujerar roba anka huda tsakiya anka sa bokiti ƙasa, ta huta da kush ɗin manya da ke cin kuɗi yana kuma dafa fata cikin zafin Afrilu. Dokin ƙofa anka fasa anka yi gangare da laka. Na hannu kuwa ƙwarya ya sa a gabanta da gyaɗa, ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana zubawa a wata, daga baya wake, daga baya tasbaha. Ya ce mani wannan tsarin ba shi ya ƙirƙiro ba, OMS, hukumar lafiya ta duniya, ce ta fara yaɗa shi bayan taron lafiya na Alma-Ata na 1978, cewa a ƙasashen da ma'aikata ba su da yawa a kai gyaran jiki cikin gari, a koya wa dangi, a yi da abin da ke akwai. Mu nan Maradi mun san asibitin Danja da daɗewa wajen kula da masu kuturta da gyara musu rayuwa, har cibiyar mata masu yoyon fitsari anka buɗe can a 2012, to amma ba kowane marar lafiya ke iya barin gida ya je ya zauna wani wuri ba, wani sai dai a iske shi.

Ranar da ba zan manta ba cikin watan Yuni ce, an yi ruwan shuka. Lokacin Inna ba ta iya kiran sunan kowa, in tana son ruwa sai ta ce abin nan, abin nan, ta yi ta fama har ta yi fushi ta yi shiru. Malamar na zaune gefenta tana naɗe bandeji sai ta fara karanta Fatiha a hankali, ba da wata niyya ba ina jin, sai kawai munka ji Inna ta kama, tiryan-tiryan har ƙarshe, harafi bai faɗi ba, muryarta ta da. Ƙanena ya fita waje da gudu don kar a ga hawayenshi, ni kuwa ƙafafuna sunka ƙi ɗaukata na zauna ƙasa. Daga baya kine ya bayyana mana cewa abin da mutum ya haddace tun yarinta, karatu, ƙirga, waƙa, sau da yawa yana tsira ko da maganar yau da kullum ta tafi, kuma ana iya bi ta nan a jawo sauran. Tun daga ranar jikoki ke zama gabanta da yamma, a yi ƙulhuwallahu, a ƙirga ɗaya zuwa goma, a jera ranakun mako, sannan a nuna mata buta a ce Inna mene ne wannan.

Wani abin da na yaba, ba su raina mutanen gari ba. Gwaggonmu ta zo daga wani gari da ƙarfinta ta ce sai an yi gashi da ruwan zafi da ganye, anka yi ba da sanina ba, cinyar dama ta sale don Inna ba ta jin zafin balle ta janye. Da sunka zo sunka gani na zaci za a yi rigima, sai kine ya zauna da Gwaggo ya kira ta Hajiya, ya ce ta rufe ido, ya taɓa Inna da tsinke a hagu ta zabura, ya taɓa a dama shiru, ya ce Hajiya buɗe ki gani, ya sake yi a gabanta. Ita da kanta ta ce a bar gashin. Malam ma ba a hana shi zuwa ba, cewa sunka yi tofi da addu'a a ci gaba, rubutu a shafa mata maimakon sha har haɗiya ta gyaru, amma ban da tsaga, ban da ƙaho, kuma ko wa ya ce a ajiye maganin tansiyo kar a yarda, don wannan maganin ba na wata ɗaya ba ne, na har abada ne, ranar da anka bari ciwon na iya dawowa kuma na biyu ya fi na farko muni. Sunka kuma ja kunnenmu a kan sayen ƙwayoyi wajen masu yawo da magani a tire cikin rana, ko da ya fi araha, a farmasi za a saya. Rele ɗin garinmu, wanda ke bi gida-gida lokacin rigakafi, shi sunka koya wa awon tansiyo da ɗan injin da na saya, yana zuwa Litinin da Alhamis ya rubuta a kaye.

Yanzu bari in zo inda raina ya ɓaci, don in na ɓoye na cuci wanda zai karanta.

Damina ta tona asirin tsarinsu. Cikin Agusta gulbi ya kawo, hanya ta yanke, wannan ba laifin kowa ba ne, duk ɗan yankin ya san Gulbin Maradi in ya cika. Amma sati uku ba wanda ya zo kuma ba wanda ya kira, ni ke bin su, in na kira yaron mai salula ya ce gobe insha Allahu, goben ta zo shiru. Da sun ce mana tun farkon Yuli ga abin da zai faru, ga kompres na wata guda, ga abin da za ku yi in ba mu zo ba, za mu riƙa kira ranar kaza, da ba wanda zai yi fushi. A cikin wannan sati ukun lokacin noma ne kowa na gona, motsa jiki ya ja baya, yatsun Inna sunka fara dunƙulewa, sai da anka yi wata guda ana fama kafin su saki. Su da kansu sunka gaya mana watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin dawowa, to ka ga sati uku a cikinsu ba ƙaramin abu ba ne.

Sai infirmiye namijin. Sau huɗu ya zo a madadin malamar kuma ko sau ɗaya ban ji daɗi ba. Yana shigowa yana duba salula, pansimar da malamar ke ɗaukar rabin awa shi minti goma ya gama, akwai ranar da ina wurin ya amsa kira da safar hannu a hannunshi ya dawo zai ci gaba da ita, sai da na ce malam a canza. Bai rubuta komai a kaye ba. Na kai ƙara wajen kine, ya ba ni haƙuri kuma gaskiya daga nan bai sake turo mana shi ba, amma ina tunanin sauran gidajen da ba mai ido a wurin. Haka kuma wani dare tun farko lokacin tana da robar fitsari, robar ta toshe, mara ta kumbura tana ta nishi, munka kira lambarsu har sau bakwai ba a ɗauka ba, sai majon CSI ne Allah ya saka mishi da alheri ya taso bisa moto cikin dare. In ba ku aikin dare ku faɗa tun ranar farko, mutum ya san wa zai kira.

Kuɗi kuma. Mun yi da su jaka biyar kowane zuwa, da jaka biyu na esans, sau biyu a sati wata biyun farko, daga baya sau ɗaya. In ka gwada da shatar mota zuwa Maradi da dawowa da wahalar tsohuwa, wallahi da sauƙi, ban yi da-na-sani ba ko na dala ɗaya. Amma wata rana kawai anka ce esans ya koma jaka uku, ba sanarwa. Na sani tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ruwa-ruwa, esans ɗin bakin hanya, ya daina araha, ba wanda bai ji a jikinshi ba, amma a gaya wa mutum kafin a zo mishi gida. Kompres da ruwan wanki da suke kawowa na lura sun fi na farmasi tsada, sai na koma ina saye da kaina ina aikawa. Rasit kuwa sai ka roƙa. Keken guragu da sunka ce za su nemo mana ta wajen masu taimako har yau ba mu gan shi ba, Allah ya sa ma ba ta buƙatarshi yanzu. Kuma ba su da mai gyaran magana, kine ya faɗa mani gaskiya cewa ba fanninshi ba ne, abin da ya sani kaɗan ne, na yaba da gaskiyar amma giɓin na nan.

Ni ina da rumfa a kasuwa, ƙannena biyu na aiko da nasu ta Nita duk ƙarshen wata, shi ya sa munka iya. Maƙwabcinmu a ƙauye shekara biyu ke nan yana kwance da irin wannan ciwo, ƙafarshi ta ƙage ta naɗe ba ta miƙuwa, ɗiyanshi manoma ne, jaka bakwai a sati a wajensu kuɗin hatsi ne. Kulawa kyauta da gwamnati ta kawo tun 2006 ta yara ce 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki, tsoho mai shanyewar jiki ba ya ciki. An yi dokar kare haƙƙin naƙasassu a 2019, muna fata ta sauko daga takarda ta iso irin garuruwanmu, ko da kine ɗaya ne a riƙa turowa kowace CSI sau ɗaya a wata ya koya wa rele da dangi. Na roƙi namu ya leƙa maƙwabcin in ya zo, ya leƙa sau biyu bai karɓi ko dala ba, ya nuna wa matarshi juyi da miƙa gaɓoɓi, amma ya ce mani a gefe an makara da ƙafar.

Kuma kar wanda ya karanta wannan ya ɗauka su ke yin jinyar. Suna zuwa awa ɗaya ko ɗaya da rabi su tafi, sauran kwana shida da awa ashirin da wani abu matar ƙanena ce, ga goyo ga daka ga ɗiban ruwa. Malamar ce ta fara lura ta rame, ta tara mu maza a zaure ta ce mana ba kunya, in wannan baiwar Allah ta faɗi ku da Inna duk kun faɗi, juyin dare ba aikin mace kaɗai ba ne. Daga ranar ƙanena ya karɓi dare, ni na ɗauko ɗiyar yayarmu ta zo ta zauna, nake kuma biyan mai kawo ruwa. Ban taɓa tunanin wannan na cikin aikin infirmiya ba, amma a wajena yana cikin mafi amfanin abin da sunka yi a gidan.

Wanda ya tambaye ni ko ya kira su, ina cewa ya kira, kuma ya kira da wuri, tun satin da anka sallamo marar lafiya, kar ya jira gyambo kamar mu. Ya zauna da su a rubuta kuɗi a takarda, ya tambayi tsarinsu na damina da na dare, in mace ce marar lafiyar ya ce macen yake so, kuma ya tabbata wanda zai riƙa kwana da marar lafiyar yana wurin duk ranar da sunka zo, don shi ake koya wa.

Inna yanzu tana tafiya da sanda mai ƙafa uku da wani mai walda a Maradi ya haɗa mana bisa zanen kine, ƙafar na ɗan ja, hannun dama na riƙe kofi amma bai iya ɗaurin zane ba tukuna. Magana na zuwa guntu-guntu, sunana ta kan kira ni da na ƙanena sannan ta gyara. Da kaka ta zauna bisa tabarma ta ɓare gyaɗa rabin ƙwarya da hannu biyu. Satin da ya wuce anka yi suna gida na uku daga namu, ta ce sai ta je, jikarta na riƙe da kujera a baya, ta tsaya ta huta sau biyu a hanya, ta isa ta yi barka da bakinta. Kine ya ce daga watan gobe zuwanshi zai koma sau ɗaya a sati biyu, na ce mishi to amma kafin Yuni mu zauna mu tsara damina a rubuce, ya ce ya yarda.